DAGA BAKIN ALLO: Curin Dusa Ya Fi Kwalbar Guba

A wannan wata za mu ajiye alli mu gangara bakin Binuwai, domin akwai maganar da ta dame mu.

Kwanakin baya wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suka yi kwana uku ba su zo makaranta ba. Da muka je dubiya, mahaifiyarsu ta ce kifi suka ci wanda aka sayo da araha, suka kwana amai da gudawa. Allah ya taƙaita, sun warke. Da aka bi sawu sai aka ji wai wasu samari ne suka zuba maganin ƙwarin auduga a wani gurbi da ruwa ya yanke, suka kwashe kifin da ya taso suka kai kasuwa.

Wannan ɗabi'a ba sabuwa ba ce. Manya sun tuna da Gamalin 20, wanda aka daɗe ana ɓarna da shi a kogunan ƙasashenmu, har a shekarar 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da irinsa a gona. Guba ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Ga shi kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a shekarar 1982, ambaliyar da ke cika fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, alhali a cikin ciyawar fadamun nan tarwaɗa take zuba ƙwai da damina. Ɗan abin da ya rage shi ne ake sa wa guba.

To, mai son tarwaɗa ba ya bukatar kwalba. Abin da zai kama ta yana nan cikin madafin gidansa. Wani dattijo Basarke, wanda ya tsufa a kan ruwa, shi ya koya mana. Da muka tambaye shi sirrin, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, tarwaɗa ba da ido take kiwo ba, da gashin baki take yi." Littattafan kimiyya ma haka suka ce. Tana da gashin baki guda 8, da su take jin ɗanɗano da ƙanshi a cikin ruwa mai laka, kuma ta fi fita kiwo da dare. Saboda haka abincin ƙugiya mai kyau shi ne mai wari, wanda kuma ba ya saurin narkewa.

Ga yadda ake haɗawa. A sami gwangwanin madara a riƙa awo da shi. A auna dusar masara ko ta gero gwangwani 2, dakakken ƙuli-ƙuli gwangwani 1, garin rogo rabin gwangwani. A daka daddawa ƙwaya 2 tare da kawunan busasshen kifi, irin waɗanda uwargida take zubarwa. A tafasa ruwa kaɗan a tsohuwar tukunya, a zuba dusa da garin rogo a tuƙa kamar tuwo har ya yi tauri. In ya huce a zuba sauran kayan, a ɗiga manja cokali ɗaya, a cuɗa sosai. Sannan a rufe a ajiye a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya ɗan yi tsami. Muna ba da shawara a ajiye shi nesa da ɗaki, don zaman lafiya da uwargida.

Wurin da masu koyo suka fi faɗuwa shi ne riƙo. Mu kanmu ranar farko mun zauna tun la'asar har magariba da ƙugiya tsirara a cikin ruwa, curin ya narke tun jifan farko ba mu sani ba. Maganin wannan shi ne a yayyaga 'yar auduga a cuɗa a ciki, zarenta zai riƙe curin a jikin ƙugiya. Kafin a bar gida a mulmula ɗaya kamar girman ƙwallon dabino a jefa a bokitin ruwa. In ya watse nan take, garin rogo ya yi kaɗan. In ya zauna kamar dutse ba ya sakin komai, a ƙara ƙuli-ƙuli. Wanda ba shi da lokacin wannan duka, tana da hanjin kaza suna aiki.

A jefa ƙugiya da magariba ko da asuba, inda ruwa ya kwanta, kusa da ciyawa ko saiwar itace, a sa ɗan nauyi don curin ya kai ƙasa. A yi hattara da ƙayar da ke gefen kan tarwaɗa wajen cire ƙugiya, sukarta da zafi. Ƙanana a mayar da su ruwa, su ne kifin baɗi. Yara kuma kada su je kogi ba tare da babba ba, balle lokacin da aka saki ruwan Lagdo.

Muna roƙon sarkin ruwa da masu unguwanni da limamai su sa baki a kan maganar guba. Iyaye mata kuma, in kifi ya yi araha fiye da kima, ko kuka ji warin magani a jikinsa, ku bar shi. Mu Hausawa a nan Garwa da kewaye da sana'a aka san mu, kuma ruwan nan da maƙwabta muke shan sa. Kada a wayi gari ana nuna mu da yatsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.