Haɗa babur a gida: fenti ne ƙarshen abin saye

A shekarar 1920 wani matashi ɗan ƙasar New Zealand mai suna Burt Munro ya sayi babur ƙirar Indian Scout, wanda gudunsa bai wuce mil 55 a sa'a ba. Ya shafe shekara arba'in da 'yan kai yana kwance shi yana sake ɗaurawa a ɗan ɗakin aikinsa da ke garin Invercargill. Da yake ba mai hali ba ne, da hannunsa yake narka ƙarfe ya zuba fistin, ya kuma ƙera kayan aikin da ba zai iya saya ba. A 1967, yana da shekara 68, ya hau babur ɗin nan a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka, ya yi gudun da ya haura mil 183 a sa'a, wato kusan kilomita 295.

Na fara da shi ne don na sha jin abokai ma'aikata suna cewa haɗa babur na musamman a gida sha'awa ce ta masu kuɗi. Tarihin sana'ar ya ƙaryata haka, domin masu ƙaramin ƙarfi ne suka kafa ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan Amurka sun riƙa sayen rarar baburan soja na Harley-Davidson da araha, suna cire duk abin da ke ƙara nauyi. A Ingila kuwa, 'ya'yan ma'aikata da ke taruwa a shagon shayi na Ace Cafe a Landan cikin shekarun 1950 da 1960 ba su da kuɗin babur na tsere, sai suka koma ɗora injin Triumph a kan shasin Norton, suka raɗa wa haɗin suna Triton, burinsu kawai ya kai mil 100 a sa'a. Shi kansa Soichiro Honda a 1946 ya fara ne da ɗaura wa kekuna ƙananan injinan janareto da sojojin Japan suka bari.

Don haka ƙarancin kuɗi bai isa ya hana kowa ba. Abin da ke raba aikin kirki da ganganci shi ne inda mutum ya zuba ɗan abin da yake da shi. Ra'ayina a nan a fili yake: wanda kuɗinsa ƙalilan ne ya fara kashe su a kan abin da ido ba ya gani, ya bar ado zuwa ƙarshe.

Akasin haka aka fi yi. Mutum ya ga hoto a Instagram, sai ya sayo tsohon babur, ya fara da fentin tanki da ɗinkin kujera da salansa mai ƙara. Kafin a zo kan birki aljihu ya bushe, sai a ce na jiki ma zai yi. Babur ya fito yana ƙyalli, amma tayarsa ta tsufa, boris ɗin wuyansa ya ci. Hausawa kan ce araha ba ta ado. A wannan sana'a araha tana iya yin ado sosai, abin da ba ta iya yi shi ne tsayar da babur idan yaro ya gifta titi.

Matakin farko shi ne zaɓen babur ɗin da za a gina a kansa, kuma a nan mu 'yan Arewa muna da sa'a. Injin da kamfanin Honda ya fitar a CG125 a 1975 an tsara shi ne don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan lokaci ba, shi ya sa aka yi shi mai sauƙin gyara da juriya. Kamfanonin ƙasar Sin da dama sun kwaikwaye shi, kayansa kuma sun wadata a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Babur na yau da kullum da kowane bakanike ya san cikinsa ya fi wani babban na waje da noti ɗaya zai sa a jira wata biyu. Kafin a biya ko sisi, a duba lambar inji da ta shasi, a tabbatar sun dace da takardu. Satar babur ta yi yawa, kuma wanda aka samu da kayan sata a hannunsa shi zai yi bayani.

Daga nan sai taya da birki da boris da sarƙa. Waɗannan a sayi sababbi, komai matsin aljihu. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan, saboda haka zanen taya mai zurfi ba shaidar lafiyarta ba ne.

Shasi shi ne ƙashin bayan babur. Ana iya datse jelarsa ta baya don a gajarta kujera, amma duk yanka ko walda a kusa da wuya, ko inda inji da shoka suke riƙe, aikin ƙwararren mai walda ne. Haka ma inji: wanda ya cire akwatin tace iska don kyan gani, bai sake saita kafireta ba, ya ƙara wa injin iska ya rage masa mai, sai ya riƙa zafi har fistin ya lalace. A ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe gari, rage tacewar iska ma asara ce.

Inda tsimi ya halatta yana da faɗi. Tanki da madigadi da fitila na hannu daga 'yan gwangwan ba su da aibi. Mai ɗinkin kujerun mota a unguwa zai yi kujera mai kyau. Goge tsatsa da gyaran wayarin haƙuri suke ci fiye da kuɗi. Fenti kuwa zai iya jira sai albashin wata mai zuwa.

Wani zai ce ma'aikacin banki ko likita me ya kai shi wannan wahala, alhali zai iya shiga shago ya hau sabo? Gaskiya ne, idan aka yi lissafi sau da yawa kuɗin haɗawa yakan kai na sabon babur, wani lokaci ma ya wuce, ba a maganar ranakun hutun da aka ƙarar. Wanda sufuri kaɗai yake nema ya sayi sabo.

Ribar tana wani wuri dabam. Mun taso a tsarin da mai digiri yake tsayawa nesa da sifana, bakanike kuma ba ya samun wanda zai karanta masa littafin injin da yake gyarawa shekara ashirin. Ɗaya yana iya nemo adadin ƙarfin da ya kamata a ɗaure kowane noti, ɗayan yana gane ciwon inji da kunne. Tsohon babur a tsakar gida yana zaunar da su a tabarma ɗaya, yara kuma suna kallo suna koyon cewa ana buɗe na'ura a fahimce ta.

Wanda ya yi niyya ya ɗauki takarda ya jera abin da zai saya, birki a sama, fenti a ƙasa. A cikin jerin kuma ya sa hular kwano mai inganci, ya saye ta tun kafin ranar da injin zai fara tashi.