Goron Sallar Mai Keke

Idan Sallah ta ƙarato ko Kirsimeti ya matso, hankalin mutanen Jos yakan koma kan ɗinki da takalma da abin yanka. Ɗalibai ma sukan tara 'yan kuɗinsu domin su ba wa ko ƙane ko aboki wani abu. Ra'ayina shi ne, in wanda za a ba ɗin mai son keke ne, to kada a wahalar da kai wajen neman turare ko hula. A je a duba kekensa. Kyautar da za ta fi faranta masa rai tana jikin keken nan, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na ɗinkin riga ɗaya ba.

Na san wasu za su ce arha ba ta ado, kuma abin kunya ne a miƙa wa mutum 'yar roba a ranar biki. Wannan karin magana gaskiya ne a kan tufafi, amma bai shafi keke ba. A unguwa irin Rikkos, keke ne ke kai ɗalibi makaranta, shi ke kai mai sana'a kasuwar Taminus ko Farin Gada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, mutane da yawa suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure. Abin da ke kwantar da irin wannan keke mako guda ba babban abu ba ne. Tiyub ne ya fashe, ko birki ya cinye, ko sarƙa ta yi tsatsa.

Mu fara da birki, domin a nan ne Jos ta bambanta da Kano ko Katsina. Waɗancan garuruwa a shimfiɗe suke. Jos kuwa tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye daga gaɓar teku, hanyoyinta hawa da gangara ne. Mai keke a nan ba ya rabuwa da matsa birki, saboda haka robar birkinsa takan cinye da wuri. In ta siɗe, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe, sai ka ga yaro yana jan ƙafa a ƙasa don ya tsaya. Da damina abin ya fi muni, domin jiƙaƙƙiyar ƙafar keke ba ta kama birki nan take. Wanda ya sayi sabuwar robar birki, ya biya mai gyara ya ɗaura ta, ya ba da kyautar da za ta iya hana karaya. Ban san turaren da ke yin wannan aiki ba.

Bayan birki sai kayan faci. A 1887 ne wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya haɗa tayar da ake hura wa iska domin keken ɗansa, a birnin Belfast. Tayar ta sauƙaƙa tafiya ƙwarai, amma ta zo da nata ciwon kai, wato ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba. Masu faci suna da yawa a cikin gari, sai dai ranar Sallah su ma suna gida, kuma saurayin da ya nufi wajen duwatsun Shere yawon buɗe ido ba zai sami kowa a hanya ba. Ƙaramin famfo, da gam, da 'yan robobin faci, da sifana ɗaya, duka za su shiga jakar da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

A nan akwai abin lura, kuma shi ne ya sa na ce a duba keken tukuna. Kekuna ba girmansu ɗaya ba. Tsoffin kekunan nan baƙaƙe irin su Raleigh da Phoenix, waɗanda iyayenmu suka hau, tayarsu yawanci inci 28 ce. Yawancin kekunan hawan dutse masu giya da ake shigowa da su na hannu, tasu inci 26 ce. Lambar tana rubuce a gefen taya. Bakin da ake hura iska ma iri-iri ne, ba kowane famfo ke shiga kowane baki ba. Wanda ya sayi tiyub bai duba ba ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma bar ɗan'uwansa da godiyar dole. Minti biyu a tsugune gaban keken sun isa a kauce wa haka.

Lokacin bikin ma yana da nasa hukunci. Kirsimeti kullum ranar 25 ga Disamba yake, a tsakiyar hunturu, kuma sanyin Jos sananne ne a duk Nijeriya. Da asuba yatsun mai keke sukan ƙage har ya kasa matsa birki da kyau. Safar hannu mai kauri daga 'yan gwanjon kasuwar Katako, da ƙyallen rufe hanci saboda ƙura, sun wadatar. Sallah kuwa tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. In ta faɗo cikin damina, rigar ruwa ce ta dace.

Fitila ba ta da lokaci. Fara a gaba, ja a baya, ko da ƙanana ne masu caji. Amfaninsu na farko shi ne direban mota da na Keke Napep su hango mutum bayan magariba. Ina kuma roƙon a daina zuba baƙin mai a sarƙa. Yana kwasar ƙura ya zama kamar yashi yana cin haƙoran ƙarfe. 'Yar kwalbar man keken ɗinki ta fi shi nesa ba kusa ba.

Hular kwano ce kaɗai ba zan ce a nemi mai arha ba. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a jikinta ba, shi ya sa ta gwanjo take da haɗari. In kuɗin mutum ɗaya bai kai ba, 'yan'uwa uku ko huɗu su yi karo-karo su sayi sabuwa.

Akwai masu cewa a ba mutum kuɗin kawai ya sayi abin da yake so. Uzurinsu yana da ƙarfi, domin shi ya fi kowa sanin kekensa. Amma kuɗin da aka karɓa ranar Sallah ba ya kwana: tsire da katin waya da yawon gidajen dangi sun cinye shi, birkin yana nan yadda yake. In ana tsoron sayen abin da bai dace ba, a ja keken zuwa wurin mai gyara a jajibiri, a biya shi ya daidaita wayoyin ƙafa, ya ɗaure abin da ya kwance, ya sa mai.

Kada kuma a ɗauka maganar ta samari ce kaɗai. Wadda ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a birnin Faris a 2024. Da za ta shiga tseren cikin fili, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke, domin ba ta da irin wanda ake bukata. In rashin kayan aiki ya kusa tsayar da gwanar ƙasa baki ɗaya, ina ga 'yar aji biyu a Rikkos wadda kekenta ya yi wata guda a jingine saboda tiyub? Yayanta ya duba lambar da ke gefen tayar kafin ya tafi kasuwa.