Neman Tsoffin Abokan Makaranta a Takardun Hukuma: Wa Ake Samu, Wa Ake Rasawa?

Duk ƙungiyar tsoffin ɗalibai da ta buɗe zaure a WhatsApp takan iske wasu sunaye da ba wanda ya san inda masu su suke. A da cigiya ake bayarwa a rediyo, ko a yi tattaki zuwa garin mutum a tambayi mai unguwa. Yau kuwa ana fara neman ne daga takardun hukuma da ke buɗe ga kowa. Hanya ce halastacciya, amma tana da naƙasu biyu da ya kamata masu nema su sani tun kafin su soma.

Abin da ake iya samu ba kaɗan ba ne. Shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana nuna sunan kamfani da lambarsa da matsayinsa. Likitoci na da rajista a majalisar MDCN, injiniyoyi a COREN, sunan kowane lauya kuma yana cikin kundin Kotun Ƙoli. Hukumar INEC takan kafe rajistar masu zaɓe kafin babban zaɓe domin gyara da ƙorafi. Ga wanda ke bin sawun ajin shekarun 1960 ko 1970, Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, duka a Kaduna, suna ajiye da tsoffin takardun gwamnati da jaridu.

Naƙasu na farko shi ne waɗannan takardu sun fi riƙe sunan wanda ya yi nasara. Mai kamfani da likita da babban sakatare duk sun bar sawu. Wanda ya bar makaranta a aji uku ya koma gona, ko ya tafi ci-rani Legas, da wuya a ga sunansa a ko'ina. Mata sun fi shiga wannan duhu, domin da yawa sukan ɗauki sunan miji bayan aure. Tsarin sunayenmu ma yana ƙara rikita lissafi. Makarantun kwana na da sukan laƙa wa yaro sunan garinsa, kamar yadda sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari ke nunawa, daga baya kuma wani ya ajiye sunan garin ya koma na mahaifinsa. Idan ƙungiya ta dogara da rajista kaɗai, za ta tara manyan ajinta, ta rasa ainihin waɗanda aka kafa asusun taimako dominsu.

Naƙasu na biyu ya fi nauyi. Rajista tana iya nuna inda mutum yake, amma ba ta ɗauke da yardarsa. Wani ya yi nesa da mutane ne saboda karayar arziki, wata ta tsere wa auren da ya cutar da ita, wani kuma makarantar ba ta bar masa abin tunawa ba sai cin zalin manyan ɗalibai. A wannan zamani na garkuwa da mutane, haɗa sunan mutum da wurin aikinsa da unguwarsa da hoton gidansa, sannan a watsa a zaure mai ɗaruruwan lambobi, aiki ne da ɓarawo zai gode wa wanda ya yi shi. Kowane bayani shi kaɗai yana iya zama a fili. Tattara su wuri guda ne ke haifar da haɗari.

Doka ta lura da wannan. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, ta keɓe bayanan da suka shafi rayuwar mutum a sashe na 14. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora alhaki a kan masu tattara bayanan mutane. Saboda haka magatakardan makaranta da ya ƙi ba da adireshin tsohon ɗalibi aikinsa yake yi.

Akwai mai cewa wannan taka-tsantsan zai kashe zumunci, alhali mutane na tsufa suna mutuwa ba a gana ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa ba a ce a daina nema ba. Abin da ake bukata ƙa'ida ce mai sauƙi. A yi amfani da rajista a tabbatar mutumin yana raye kuma shi ne ake nema. Daga nan mutum ɗaya ya aika masa saƙo, ko ta hannun ɗan'uwansa ko abokin aikinsa, ya bar masa lambar waya. Kada a saka kowa a zaure sai da izininsa. In ya yi shiru, a ɗauki shirun a matsayin amsa.

Wanda babu shi a kowace rajista kuwa, hanyar da ce za ta kai gare shi: garinsu, limamin unguwarsu, tsohon malamin da ke tuna ɗan wane ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wannan tattakin shi ne aikin da ya fi cancantar kuɗin motar ƙungiya.