Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Bidiyon Tsaye Da Amanar Hoto

A watan da ya gabata goggona ta rasu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Bayan an share makoki, dangi suka shiga neman hotunanta, sai aka tuno da wani bidiyo da aka ɗauke ta a bikin jikarta, tana lissafo sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka turo mini na buɗe, murya dai tata ce, amma fuskar ta yi dishi-dishi, ko tsagen da ke kumatunta ba a iya gani. Na bi sawu, sai na gano cewa ɗan yayana ne ya ɗauka da waya a kwance, wani ya yanke shi ya mayar da shi na tsaye, wata ta sauke ta ɗora masa waƙa, sannan ya yi ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi. Shi kuwa na asalin an goge shi tuni saboda waya ta cika.

Mai karatu, wannan asara ba tsautsayi ba ce, lissafi ne. Hoton bidiyo tarin ɗigo ne ƙanana, kuma yawansu ne ke sa a gan shi tangaran. Bidiyon kwance da aka saba ɗauka yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsawo. Na tsaye, irin na TikTok da Instagram, akasin haka ne: 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. Wanda ya yanko tsakiyar na kwance zai tsira da faɗin ɗigo kusan 608 kacal, wato ya zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na hoton. Sauran kuma manhaja za ta ja shi ya cika fuskar waya, kamar a shimfiɗa ƙaramin zane a kan babban gado. Saboda haka, wanda ya san a tsaye za a kalla, to ya ɗauka a tsaye. In kuwa dole sai an yanka, a ɗauka a ma'aunin 4K, domin ko an yanke shi za a samu faɗin ɗigo 1215, wanda ya wadatar.

Ɓarna ta biyu matsewa ce. Duk lokacin da aka fitar da bidiyo daga manhajar tacewa irin su CapCut ko InShot, ko aka tura shi ta WhatsApp, sai an rage masa wasu bayanai don nauyinsa ya ragu. Abin da aka rage kuwa ya tafi ke nan. Masu shekaruna za su tuna yadda kaset ke dusashewa idan aka kwafa daga kwafi. Maganin shi ne a yi tacewar daga fayil na asali, a gama komai a manhaja guda, a fitar sau ɗaya a ma'aunin 1080. Wajen turawa mai tacewa, a aika a matsayin fayil, domin ta wannan hanya WhatsApp ba ya matse shi. Ko zaɓin HD da kamfanin ya ƙaro a 2023 yana matsewa, sai dai da sauƙi.

Kafin duk wannan akwai ranar ɗauka. A goge gilashin kyamara, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke yawa. A nemi haske, domin hoton da aka ɗauka cikin duhu yakan yi tsakuwa-tsakuwa, kuma shi ne matsewa ta fi lalatawa. A matso da ƙafa maimakon janyo hoto da yatsa, tunda a yawancin wayoyi janyowar ma yanka ce.

Na san data na da tsada, wayoyinmu kuma ba su da wurin ajiya mai yawa. Amma ina roƙon ɗalibai masu zuwa ƙauyuka ɗaukar hira da dattawa, da duk mai tsoho a gida: ku adana na asali a kwamfuta ko katin ajiya kafin ku taɓa shi. Bidiyon barkwanci in ya dusashe, gobe a yi wani. Goggo kuwa ba za ta sake zama a ɗauke ta ba.