Babbar Lamba Ba Dodo Ba Ce

Yara da yawa in sun ga lamba mai tsawo a kan allo sai gabansu ya faɗi. Wannan tsoro ba shi da dalili. Kowace lamba tana da halinta kamar mutum, wanda ya san halinta kuwa ya sami linzaminta.

A zamanin da a ke ciniki da wuri a ƙasar Hausa, wuri 20,000 shi a ke kira keso ɗaya. To, mene ne halin wannan lamba? Da fari dai cika ce, watau tana rabuwa biyu daidai, domin ta ƙare da sifiri. Sifirin nan kuma shi ke nuna tana rabuwa gida 5 da gida 10. Mutum 8 za su raba ta, kowa ya tashi da 2,500. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura, in an haɗa da 1 da ita kanta. Amma ba ta rabuwa uku. Ga yadda a ke ganewa: a tara alƙalumanta, in jimlar ba ta rabu uku ba, ita ma lambar ba za ta rabu ba. Jimlar alƙaluman 20,000 kuwa 2 ce kaɗai.

Ga wata kuma mai taurin kai, 1991, shekarar da aka yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, Zuru ta zama ɗaya daga masarautunta huɗu. Wannan mara ce, domin ta ƙare da 1. Ko ta dama aka karanta ta, ko ta hagu, duk ɗaya ne. Ban da 1 da ita kanta, 11 da 181 kaɗai ke raba ta, domin 11 sau 181 shi ne 1991. Su kuwa waɗannan biyu ba mai raba su sai 1 da su kansu.

Waɗansu na cewa wannan duk wahalar banza ce, tun da wayar hannu tana lissafi. Amma waya abin da aka danna mata shi ta ke faɗi, ba ta san an yi kuskure ba.

A ce manoma uku sun kai dawa kasuwar Zuru, sun sayar Naira 20,000. Kowa zai sami 6,666, Naira 2 ta ragu. Wanda ya san halin lambar tun kafin a fara rabo ya san za a yi saura, ba zai zargi ɗan'uwansa da ha'inci ba. In kuma aka miƙa masa 6,000 aka ce rabonsa ke nan, nan take zai gane.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan makaranta, in ya gamu da babbar lamba, ya tsaya ya bincike ta: cika ce ko mara, wa ke raba ta, nawa ke saura. Yaron da ya saba da haka ba a cutarsa a kasuwa, shi ma ba ya cutar kowa da rashin sani.