Man mota daga rake: Daga ina ruwan zai fito?

A shekarar 2007 ne gwamnatin Najeriya ta amince da manufar samar da man mota daga rake da rogo.

Sai dai a arewacin jihar Zamfara, ruwa ne zai yanke hukunci.

Rake na buƙatar ruwa aƙalla milimita 1,500 kafin ya nuna, alhali damina a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da wuya ta ba da 1,000.

Kogunan yankin, Gagare da Bunsuru, janyewa suke yi da rani, kuma su ne ke kwarara cikin kogin Rima, inda madatsar ruwan Goronyo ta kusa ƙafewa a 2018.

Ke nan duk babbar gonar raken da aka buɗe, daga rabon manoman fadama da makiyaya za ta sha.