Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Duk ranar da aka sanar a filin jirgin sama cewa kwamandan jirgi ya ƙi karɓar jirgin da aka ba shi, sai wuri ya kaure da surutu. Ɗan kasuwa yana lissafin kwanakin da kayansa za su ƙara yi a tashar jirgin ruwa, ma'aikacin gwamnati yana duban agogo saboda taron da za a buɗe babu shi, kowa kuma yana ganin an wulaƙanta shi. Fushin nan yana da dalili, amma ya sauka a kan wanda bai dace ba. Mutumin da ake zagi a wannan sa'a yana amfani ne da ikon da doka ta ba shi domin tsare ran masu zagin nasa, kuma ikon nan yana bukatar kariya fiye da wadda yake samu.

Ikon ba alfarma ba ne daga mai kamfani. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifi ƙungiyar OACI mai mazauni a Monriyal, ita ce tushen dokokin zirga-zirgar jiragen sama, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Kundi na 2 na ƙa'idojinta ya ba kwamanda magana ta ƙarshe a kan jirgi muddin yana hannunsa. Kundi na 6 kuwa ya hana a fara tafiya sai ya gamsu, ya kuma sa hannu, cewa jirgin lafiyarsa lau, an yi masa gyaran da ya kamata, nauyinsa bai wuce iyaka ba, an rarraba kaya daidai an ɗaure su. Wanda aka ɗora wa nauyin sa hannu, dole a bar masa damar janye hannunsa. In babu wannan dama, sa hannun ya zama wasan yara.

To amma iko a kan takarda daban, iko a bakin ƙofar jirgi daban. Mutanen ƙasar Hausa sun biya wannan darasi da tsada. Ranar 11 ga watan Yuli na 1991, wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa tun kwanaki kafin ranar an gano wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. An yi niyyar canja su, aka fasa don gudun jinkiri, aka kuma gyara lambobi a takardun aiki. Da safiyar ranar makanike ya nemi a ƙara musu iska, mai kula da kwangilar bai yarda a jira ba. Tayoyin suka fashe jirgi yana gudu a ƙasa, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutarsu. Matuƙan sun juyo don sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titin filin. Mutum 261 ke ciki, babu wanda ya tsira. Masu bincike ba su sami wata shaida ba cewa an gaya wa kwamandan halin da tayoyin suke ciki. Yana da ikon ƙi, amma an ɓoye masa abin da zai ƙi.

A Kwatano, birnin da fataken Maraɗi da Yamai suka sani kamar tafin hannunsu, wani ɓangaren matsalar ne ya bayyana. Ranar 25 ga watan Disamba na 2003, wani Boeing 727 na kamfanin UTA na ƙasar Gine, mai zuwa Bairut, ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya bugi wani gini a ƙarshen titin jirgi, ya faɗi a bakin teku. Mutum wajen 140 suka rasu, da yawansu ƴan kasuwa ne ƴan Labanan. Hukumar bincike ta Faransa, BEA, ta gano an yi wa jirgin lodin da ya zarce lissafin matuƙansa da tan da dama, an kuma jibge kayan ba bisa tsari ba, har nauyi ya rinjaya gaba. A nan matuƙan sun ga alamun lodin ya yi yawa, ba su da sahihin lissafi a hannu, duk da haka suka tashi. A Jidda gaskiya ce ba ta kai ga kwamanda ba. A Kwatano kuwa, kalmar “a'a” ce ba ta fito ba.

Shin akwai wanda ya taɓa furta ta a gaban mai mulki ya kwana lafiya? Akwai. A watan Agusta na 2008, lokacin yaƙin Rasha da Jojiya, shugaban ƙasar Polan na wancan zamani, Lech Kaczynski, ya umarci matuƙin jirginsa, wani hafsan soja, da ya wuce da shi kai tsaye Tibilisi. Matuƙin ya ƙi, saboda sararin samaniyar fagen yaƙi ne, ya sauka a Ganja ta ƙasar Azarbaijan kamar yadda aka tsara tun farko, shugaban da ayarinsa suka ƙarasa a mota. An kai ƙararsa gaban mai gabatar da ƙara, ba a tuhume shi da laifi ba, daga baya ma ministan tsaro ya ba shi lambar yabo. Abin lura shi ne, ƙarfin halinsa kaɗai bai isa ya cece shi ba. Ya tsira ne don akwai hukumomin da suka tsaya bayan doka lokacin da ran shugaba ya ɓaci.

Masu kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Jirgin da ke ƙasa cin kuɗi yake yi: masaukin fasinjoji, kuɗin filin jirgi, tafiyoyin da ke biye duk sun rushe. Suna kuma tsoron kada matuƙa su mai da ikon makamin yajin aiki a ɓoye. Amma sana'ar ta riga ta tanadi amsa. Kowane irin jirgi yana da jerin na'urorin da aka yarda a tashi ko da sun lalace, da sharuɗɗan yin haka, da adadin kwanakin da za a iya jira kafin gyara. Fitilar karatu da ta mutu ba ta tsai da jirgi. Kwamandan da ya ƙi tashi kuma yakan rubuta dalilinsa a littafin jirgi, injiniyoyi su duba. In ya yi ƙarya, ana iya kama shi washegari, a ofis, kowa yana raye. Kuskuren wanda ya tashi da jirgi mara lafiya kuwa, babu ofishin da ke gyara shi.

Matsin lamba ba daga mai kamfani kaɗai yake zuwa ba, kuma a nan ne maganar ta shafi kowa. Falken da ya ba mai awo ɗan goro don a rage kilo a takarda, ya sani cewa kilon bai ragu a cikin jirgi ba, lissafin kwamanda kawai ya ɓata. Babban ma'aikacin da ya ɗaga waya don a tashi da ayarinsa ko ta halin ƙaƙa, ya sa ƙaramin matuƙi zaɓi tsakanin abincin iyalinsa da ran mutum ɗari. Wanda ya ce ajali ba ya wuce ranarsa, gaskiya ya faɗa, sai dai malamai sun sha tunatarwa cewa tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Halin da aka saba da shi a tasha, inda direba ba ya iya musa wa mai mota a kan lodi, shi ne ake neman hawa sama da shi. Alhali mota tana iya rakuɓewa gefen hanya, jirgi kuwa ba shi da gefe.

Saboda haka abu uku ya kamata hukumomi su tabbatar, musamman hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC. Na farko, kada a kori kwamanda, ko a rage masa matsayi, ko a ƙi sabunta kwangilarsa don ya ƙi jirgi bisa dalilin tsaro. Amurka ta kafa doka tun shekarar 2000 mai kare ma'aikatan jiragen sama da suka tona matsalar tsaro, kuma babu abin da ya hana ƙasashen Afirka yin irinta. Na biyu, ɓoye wa kwamanda lahanin jirgi ko nauyin kaya na gaskiya ya zama laifin da ake gurfana gaban alƙali a kansa, ko da jirgin ya sauka lafiya. Na uku, a sa ido na musamman a kan jiragen haya na lokacin aikin hajji, domin matuƙin da aka ɗauka na ƴan makonni, a ƙasar da ba tasa ba, shi ne mafi raunin murya. Kamata ya yi kowace kwangilar jigilar alhazai ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa jinkirin da tsaro ya jawo ba ya cikin abin da ake cin tara a kansa.

Yamai ce mazaunin makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, inda ake horar da masu kula da sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama. Ƙasar da ke koya wa wasu tsaron sama ya dace ta zama ta gaba wajen kare wanda ya ƙi tashi. Fasinjan da aka ce wa ya jira gobe kuwa, ya nemi haƙƙinsa na masauki da abinci daga kamfani, ya bar kwamanda da nasa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.